RA'AYI: Zangon farko a jami'ar waje: A nemi yarjejeniya a rubuce kafin a biya kuɗi

Duk shekara, daga watan Yuli zuwa Satumba, hirar ma'aikata a Sakatariyar Tarayya da harabar Majalisar Dokoki ta Ƙasa takan karkata kan 'ya'yan da suka kammala sakandare. Ɗan wane ya samu gurbi a Ingila, 'yar wance za ta tafi Masar, wani kuma an ce zai fara da zango ɗaya a Turai kafin ya wuce Amurka. Tambayoyin da ake yi sanannu ne: nawa ne kuɗin makaranta, yaushe biza za ta fito, a ina yaro zai zauna, wa zai riƙa duba shi. Akwai tambaya ɗaya da ba a cika yi ba, alhali ita ce ke jawo asara mafi girma idan aka bar ta sai daga baya. Darussan da yaron zai ɗauka a watanni huɗunsa na farko, wace jami'a ce ta amince a rubuce cewa za ta ƙirga su cikin digirinsa?

Iyaye da dama na ɗauka cewa duk inda aka yi karatu zai bi mai shi, kamar yadda shekarun aiki ke bin ma'aikaci idan aka yi masa canji daga wata ma'aikata zuwa wata. Jami'o'i ba su aiki da wannan ƙa'ida. Darasin da aka ci jarrabawarsa a wata jami'a ba shi da matsayi a wata, har sai ta biyun ta duba shi ta ce ta karɓa. Saboda haka darajar zangon farko a ƙasar waje tana hannun jami'ar da za ta bayar da digiri a ƙarshe, kuma lokacin jin ta bakinta shi ne kafin a yanki tikitin jirgi. Ma'aikacin da ya ci bashin ƙungiyar adashe ta ofis, ko ya sayar da filinsa na Kubwa ko Lugbe, ya cancanci ya san abin da kuɗinsa ke saya. Hukumomin ilimi na tarayya kuma suna da alhakin sauƙaƙa masa wannan sani, abin da har yanzu ba su yi yadda ya kamata ba.

Suna ɗaya, mudu daban-daban

Tushen ruɗanin shi ne kiredit, wato ma'aunin da jami'o'i ke auna nauyin darasi da shi. Sunan ɗaya ne a ko'ina, amma kowace kasuwa da mudunta. A Najeriya, bisa tsarin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, kiredit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon makonni 15, ko awa uku a ɗakin gwaje-gwaje. Digirin shekara huɗu na buƙatar aƙalla kiredit 120, ɗalibi kuma kan yi rajistar 15 zuwa 24 a kowane zango. Lissafin Amurka ya yi kusa da wannan: kimanin kiredit 120 a digiri, 15 a zango, kuma ɗalibin digirin farko da ke kan bizar karatu ba ya sauka ƙasa da 12.

Turai tana da nata mudun, wanda ake kira ECTS, da aka ɓullo da shi a 1989. A can shekara ɗaya kiredit 60 ce, zango ɗaya 30, kuma kowane kiredit na wakiltar awa 25 zuwa 30 na dukkan aikin ɗalibi, har da nazarin da yake yi shi kaɗai a ɗakinsa. Jami'o'in Nijar, Benin da Togo, masu bin tsarin Faransa, na bayar da digirin farko a shekara uku kan kiredit 180. Ingila kuwa tana ƙirga 120 a shekara, kowane ɗaya awa 10, digirin shekara uku ya kama 360. Ke nan yaron da ya dawo daga Ingila da takarda mai ɗauke da kiredit 60, zango ɗaya kacal ya yi. Mahaifin da ya kwatanta wannan 60 da 120 na Najeriya zai zaci ɗansa ya ci rabin digiri, alhali abin da ya kawo bai wuce kimanin 15 ba a mudun gida.

Haka maki yake. Kashi 70 cikin 100 shi ne matakin A a jami'o'in Najeriya, kuma daga nan ne daraja ta ɗaya ke farawa a Ingila, amma a yawancin jami'o'in Amurka 70 ƙasan matakin C ne. A Ingila 40 ya isa a ce an ci darasi. Jami'o'in Amurka da dama kuwa ba su karɓar darasin da aka zo da shi daga wani wuri sai an samu C ko sama da haka. Ɗalibi na iya cin darasi a inda ya yi shi, jami'ar da ya koma ta ƙi ƙirga masa. Sau da yawa kuma ko an karɓi darasin, makinsa ba ya shiga jimillar sakamakon da za a yanke darajar digiri da ita. Wanda ya yi fice a zangon farko sai ya tarar an ba shi kiredit, an bar makin a baya.

Ƙofofi uku

Kafin darasi ya tsallaka daga wata jami'a zuwa wata, sai ya bi ta ƙofofi uku. Ta farko ita ce amincewa da makarantar kanta: shin hukumar da ke tantance jami'o'i a ƙasarta ta san da ita, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a nan gida ta yarda da ita? Ta biyu ita ce daidaiton abin da aka koyar. Shugaban sashe zai ɗauki manhajar darasin da aka yi a waje ya jera ta kusa da tasa, ya duba batutuwa, yawan awoyi, aikin ɗakin gwaje-gwaje da yadda aka yi jarrabawa. Kamannin suna ba ya wadatarwa. Darasin lissafi da aka tsara wa ɗaliban kasuwanci ba zai maye gurbin na ɗaliban injiniya ba, ko da taken su biyun ɗaya ne.

Ƙofa ta uku ita ce wadda ta fi yaudarar mutane. Jami'a na iya cewa ta karɓi darasi, amma ta ajiye shi a sahun darussan zaɓi, waɗanda ɗalibi ke cike gurbi da su. Darussan dole na sashensa suna nan suna jiransa, bai rage ko ɗaya ba. A takarda an karɓi komai, a aikace kuma ranar kammala digiri ba ta matso ba. Ko a cikin Amurka, inda sauya jami'a ya zama ruwan dare, Ofishin Binciken Ayyukan Gwamnati na ƙasar ya ƙiyasta a wani rahoto na 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun rasa kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Wannan asara ce tsakanin makarantun ƙasa ɗaya masu harshe ɗaya da ma'auni ɗaya. Mai tsallaka teku ya fi su dalilin yin hattara.

Abin da ya sa zangon farko ya fi haɗari

Ɗalibin aji uku da ya tafi waje na zango ɗaya ya riga ya san sashensa, yana da malami mai ba shi shawara, ya kuma san darussan da suka rage masa. Ɗan shekara 17 ko 18 da ya fito daga sakandare jiya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gashi kuma darussan shekarar farko su ne harsashin ginin. A sabuwar manhajar NUC da aka ƙaddamar a Disamba 2022, ɗalibin kimiyya kan fara da darussa irin su MTH 101, PHY 101 da CHM 101 a zangon farko, sannan MTH 102, PHY 102 da CHM 102 su biyo a na biyu, tare da aikin gwaje-gwajensu. Haka abin yake a ko'ina, ko da lambobin sun bambanta. Galibi darasin zangon farko sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Wanda ya rasa shi sai ya jira shekara ta zagayo, duk abin da aka ɗora a kansa kuma ya jira tare da shi.

Wasu jami'o'in Amurka sun mayar da zangon farko a waje wani sashe na tsarin ɗaukar ɗalibansu. Jami'ar Northeastern da ke Boston tana da shirin N.U.in, inda ɗalibi ke yin zangonsa na farko a wata makarantar haɗin gwiwa, sannan ya iso Boston a watan Janairu. Jami'ar New York tana barin wasu ɗalibanta su yi shekarar farko a cibiyoyinta na birane irin su Landan da Florence. Jami'ar Jihar Florida ma tana da makamancin wannan a Landan, Florence, Valencia da Panama. Ƙarfin irin waɗannan shirye-shirye shi ne jami'ar da za ta bayar da digirin ita ce ta zaɓi darussan tun farko, don haka ƙofa ta farko da ta biyu a buɗe suke. Ta ukun ce ke nan daram. Darussan da ake samu a ƙaramar cibiya ba su kai na babbar harabar jami'a yawa ba, kuma ba kowace cibiya ce ta dace da kowane fanni ba. Ɗalibin injiniya da ya zaɓi birni saboda kyansa, ya cika jadawalinsa da tarihin zane-zane da al'adun gari, zai isa babbar jami'a yana bin sa'o'insa a baya a lissafi. Ɗan Najeriya kuma yana da ƙarin nauyin da ɗan Amurka ba shi da shi, domin biza biyu zai nema, ta ƙasar zangon farko da ta Amurka, kuma samun ta farko ba ya tabbatar da ta biyu.

Akwai kuma karatun da ake sayar wa iyaye da sunan shekarar farko alhali share fage ne. Shekarar share fagen shiga jami'o'in Ingila, wadda kamfanoni irin su Kaplan, INTO da Navitas ke gudanarwa tare da jami'o'i, tana ƙasa da matakin digiri. Aikinta shi ne ta kai ɗalibi bakin ajin farko, kuma ba ta rage masa komai daga kiredit 360 da ke gabansa. Akwai wani shirin daban da ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, sunayen biyun kuma sun yi kama, dillalan makarantu ba su cika tsayawa bambance su ba. Haka ma shekarar koyon harshe da ɗalibai ke yi a Rasha ko Maroko kafin su fara ainihin kwas. Duk waɗannan suna da amfaninsu, matuƙar mai biya ya san abin da ya biya.

Idan dole ta sa aka dawo gida

Mai tura ɗansa waje ba ya shirin dawowarsa kafin ya gama, amma shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda ake dawowa ba shiri. Yaƙin Rasha da Ukraine ya ɓarke ranar 24 ga Fabrairu 2022, aka kwaso ɗaliban Najeriya, da yawansu masu karatun likita. A shekarar ce Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, ta bayyana cewa ba za ta amince da karatun likitancin da aka yi ta intanet ba, a daidai lokacin da jami'o'in Ukraine suka koma koyarwa ta wannan hanya. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Sudan, ƙasar da ta daɗe tana karɓar ɗalibai daga arewacin Najeriya, aka sake kwaso wasu ta Masar da Port Sudan.

Ba sai an yi yaƙi ba ma. Bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Albashin ma'aikaci bai ninka uku ba, kuɗin makaranta a lissafin naira ya ninka. A watan Mayun 2024 aka ji labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila da aka dakatar da karatunsu, aka umarce su da barin ƙasar, saboda sun kasa biyan kuɗi a kan lokaci. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da tallafin karatu na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, BEA. Ma'aikatan Ma'aikatar Harkokin Waje kuwa sun san wannan matsala tun da daɗewa: yaro ya fara jami'a a inda aka tura mahaifinsa, wa'adin aiki ya ƙare, a kira iyali gida yana tsakiyar shekara.

Abin da mai dawowa ke tararwa shi ne jami'o'in Najeriya suna ƙirga kiredit, amma da aji suke tafiya. Ana ɗaukar mai sauya jami'a ne galibi zuwa aji biyu, bayan ya kammala cikakkiyar shekarar farko da sakamakon da jami'ar ta gindaya. Wanda ya zo da zango ɗaya ba shi da gurbin da aka tanadar masa. Bai isa aji biyu ba, ajin farko kuma ta jarrabawar JAMB ake shigarsa. Ko wanda ya yi cikakkiyar shekara zai tarar da darussan da babu jami'ar waje da ke koyar da su, kamar GST 112 kan al'ummomin Najeriya da al'adunsu. Kalandar karatu ma ba ta daidaita ba, tun da yajin aikin ASUU na 2020 da na watanni takwas a 2022 sun sa kowace jami'ar gwamnati tana buɗewa a nata lokacin. A fannin likita akwai ƙarin shinge, domin MDCN ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, jami'a ba za ta wuce shi ba ko tana so.

Bayan kwaso ɗaliban Sudan, JAMB ta fitar da matakan karɓar masu dawowa: a yi rajista da Ma'aikatar Ilimi, a kawo takardar cikakken sakamako, majalisar dattawan kowace jami'a ta yanke hukunci, ɗalibi kuma ya yi aƙalla shekara biyu a jami'ar kafin ta ba shi digiri. Matakin ya taimaka, ya kuma cancanci yabo. Sai dai matakin gaggawa ne, an gina rijiya ranar da gobara ta tashi. Bai amsa tambayar da mahaifi ke buƙatar amsarta tun kafin tafiya ba, wato darasi kaza na jami'a kaza, da me za a musanya shi a gida.

Uzurin jami'o'i da iyakarsa

Masu kare halin da ake ciki suna da hujja, kuma hujjar tana da nauyi. Doka ta ba majalisar dattawan kowace jami'a ikon yanke wanda ya cancanci digirinta, kuma bai dace ma'aikata ta tilasta mata karɓar abin da ba ta gamsu da shi ba. Ga kuma takardun bogi. A Disamba 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samu digiri cikin makonni shida daga wata makaranta a Kwatano, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Magatakardar jami'a da ya ga irin wannan yana da dalilin ɗaure fuska idan aka ajiye masa takarda daga waje.

Amma duhun ƙa'ida ba ya maganin jabu. Mai takardar bogi ya fi jin daɗin tsarin da ake yanke hukunci a ɓoye, domin a nan ne ake neman alfarma. Idan babu rubutacciyar ƙa'ida, abin da ke aiki shi ne wasiƙa daga ofishin babba ko kiran waya daga hadimin wani mai muƙami. Hadiman da ke rubuta irin waɗannan wasiƙu sun fi kowa sanin yawan masu zuwa nema, da yawan waɗanda ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Ɗan babban sakatare zai samu wanda zai duba takardunsa cikin mako guda. Ɗan ma'aikacin da ke mataki na 08 zai yi ta zarya tsakanin sashe da ofishin rajista har shekarar karatu ta wuce shi. Ƙa'idar da aka wallafa ba ta ƙwace wa jami'a ikonta, tana dai tilasta mata ta faɗi ma'auninta tun kafin ta san ɗan waye ke gabanta.

Wasu kuma za su ce amfanin zama a wata ƙasa ya wuce lissafin kiredit: yaro zai koyi harshe, ya koyi riƙe kansa, ya ga yadda wasu ke rayuwa. Gaskiya ne, tafiya mabuɗin ilimi ce. Iyalin da suka yanke shawarar biyan kuɗi saboda wannan kaɗai, da idonsu a buɗe, ba su yi laifi ba. Matsalar ita ce yawancin iyaye digiri suke zaton suna saya, sai bayan shekara su gano cewa yawon buɗe ido suka biya. Kuma ba dole ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba, tun da jadawalin darussa biyar yana iya ɗaukar huɗu na dole da ɗaya na harshe ko tarihin garin.

Aikin da ke kan iyaye

Zaɓen darussa daga ƙarshe ake faro shi. A fara da tambayar wace jami'a ce za ta bayar da digirin, a wane fanni, sannan wace hukumar sana'a ce za ta yi wa mai shi rajista a Najeriya. Injiniya zai bi ta COREN, likita zai rubuta jarrabawar MDCN ta waɗanda suka yi karatu a waje, wanda ya karanta shari'a a waje kuma sai ya yi kashin farko na Makarantar Horar da Lauyoyi, inda ake koyar da dokokin Najeriya, kafin ya haɗu da sauran. Daga nan a samo jerin darussan dole na ajin farko a wannan fanni, a cika zangon farko da makamantansu, a ba lissafi da kimiyya masu aikin gwaje-gwaje fifiko, tun da su ne ake ɗora wasu a kansu. A kuma samo jerin darussan ajin farko na jami'a ɗaya ko biyu a gida, a ajiye a matsayin madogara idan abubuwa suka juya.

Sai a nemi amincewa a rubuce, daga ofishin magatakarda ko shugaban sashe na jami'ar da za ta karɓa. Takardar ta ambaci kowane darasi da lambarsa, darasin da zai maye gurbinsa, yawan kiredit, mafi ƙarancin makin da za a yarda da shi, da kuma ko na dole ne ko na zaɓi. Maganar dillali ba ta cikin lissafi, domin kamashonsa na fitowa ne ranar da aka biya kuɗin makaranta, ba ya jiran ranar da za a ƙirga kiredit. Idan yaro ya isa ya tarar darasin ya cika ko an soke shi, kada ya sauya da wani sai ya sake samun amincewa a rubuce.

Ɗalibi kuma ya ajiye manhajar kowane darasi, jadawalin lacca, rahotannin gwaje-gwaje da takardun jarrabawa, a kwamfuta da kuma a wurin iyaye a gida. Ya karɓi takardar sakamako a ƙarshen kowane zango, kada ya jira sai ya gama, domin jami'ar da yaƙi ya rufe ba ta amsa wasiƙa, wadda ake bin ɗalibi bashi kuma takan riƙe takardunsa. A adana tsohon fasfo mai hatimin shiga da fita, saboda hukumar NYSC tana neman sa daga waɗanda suka yi karatu a waje. Kuma duk wanda kuɗinsa ba zai kai cikakkiyar shekara ba, ya sake tunani kafin ya biya zango ɗaya. Shirin IJMB ko JUPEB a nan gida yana kai ɗalibi aji biyu ta hanyar da jami'o'in Najeriya suka riga suka sani.

Aikin da ke kan hukuma

Turai ta warware mafi yawan wannan matsala da takarda guda. A shirin musayar ɗalibai na Erasmus, wanda aka fara a 1987, ɗalibi da jami'arsa da jami'ar da zai je sukan sa hannu kan yarjejeniyar darussa kafin ya tashi, kuma abin da aka sa wa hannu dole ne a ƙirga shi idan ya ci. Yarjejeniyar Lisbon ta 1997 ta ƙara da cewa a amince da karatun da aka yi a waje sai dai idan an nuna babban bambanci, kuma nauyin nuna bambancin yana kan mai ƙin amincewa. Afirka ma tana da Yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 kan amincewa da karatun gaba da sakandare. Babu abin da Najeriya za ta ƙirƙiro daga tushe.

Ita NUC ta riga ta yi rabin aikin ba tare da ta ce shi take yi ba. Sabuwar manhajarta ta daidaita kashi 70 cikin 100 na darussan kowane fanni a duk jami'o'in ƙasar, ta bar wa kowace jami'a 30. Tun da MTH 101 na Zariya da na Nsukka da na Ibadan sun zama abu ɗaya a takarda, babu dalilin da zai hana a wallafa jadawalin da ke nuna yadda ake juya kiredit da makin Turai, Ingila, Amurka da ƙasashe masu tsarin Faransa zuwa na gida. Ya kamata a wajabta wa kowace jami'a ta buga ƙa'idarta ta karɓar masu sauya makaranta, da wa'adin ba da amsa, da dalilin ƙi a rubuce, da inda za a ɗaukaka ƙara. JAMB ta mayar da matakan gaggawa na 2023 tsari na dindindin, ta kuma buɗe gurbi ga mai zango ɗaya, ta yadda zai shiga ajin farko a yafe masa darussan da ya riga ya ci. Ma'aikatar Ilimi kuma ta ajiye sabon jerin makarantun waje da ta amince da su a inda kowa zai gani kafin ya biya, maimakon mutum ya ji hukuncin bayan shekara huɗu a teburin tantance takardu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar hukuma ko babban kasafi. Takardar umarni ce daga NUC, zama tsakanin JAMB da Kwamitin Shugabannin Jami'o'i, da tambaya ɗaya da kwamitocin ilimi na majalisun biyu za su riƙa yi a lokacin kare kasafin kuɗi. Waɗanda ke tsara irin waɗannan takardu da tambayoyi su ne ma'aikata da hadiman da ke wannan hira ta watan Yuli zuwa Satumba, kuma 'ya'yansu na cikin masu tafiyar. Kafin a kai ga gyaran, mahaifin da za a ce ya biya kuɗin zangon farko a bana ya nemi a nuna masa takardar da ta jera darussan da sunan jami'ar da ta yarda za ta ƙirga su. Idan babu ita, ya riƙe kuɗinsa har ta samu.